Filin Sutura: Ruwan Ƙasa, Ruwan Goro da 'Yan'uwansu a Jikin Namiji

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, da yawansu sun taru a kan launukan da masana sutura suke kira masu ɗumi, wato ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan hanta, ruwan ɗorawa da ruwan madara. Launuka ne da suka karkata zuwa ja ko rawaya, waɗanda ganinsu yakan tuna wa mutum wuta da jar ƙasa da rana dab da faɗuwarta. Kishiyoyinsu su ne masu sanyi, irin su shuɗi da ruwan toka da fari tas. Na zaɓi wasiƙu huɗu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na sami gurbin karatun digiri na uku a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma zan tashi a watan Satumba in Allah ya yarda. Kwat biyu gare ni, ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya mai duhu. A hotuna ina ganin dattawan can sanye da kwat ruwan ƙasa, abin yana ba ni sha'awa ƙwarai. Na gwada a gida, na sa wando ruwan ƙasa da shat ruwan ƙasa da takalmi ruwan ƙasa, amma da na dubi madubi sai na ga kamar an tsoma ni a tukunyar rini guda an tsamo. Ina kuskuren yake, kuma me ya kamata in saya?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Kuskuren da ka yi ya samo asali ne daga kyakkyawar ɗabi'ar da muka tashi da ita. A wurinmu riga da wando daga bandir guda ake yanko su, saboda haka idonmu ya saba da cewa kyan sutura shi ne sama da ƙasa su zo iri ɗaya sak. A suturar Turawa kuwa, in ban da cikakkiyar kwat da wandonta, kowane yanki daga yadi dabam yake fitowa, kuma babu yadda za a yi rinin masaƙa biyu ya zo daidai. Idan ka jera ruwan ƙasa uku da suka kusa yin kama amma ba su yi ba, mai kallo zai ɗauka ka yi ƙoƙarin daidaita su ne ka kasa. Maganin abin shi ne ka daina neman kama, ka nemi tazara wadda kowa zai gane da gangan aka yi ta.

Tazara ta farko ita ce ta duhu da haske. Idan kwat ɗinka ruwan makuba ce mai duhu, wando ya zama ruwan madara, ko kaki mai haske, ko ruwan toka tsaka-tsaki. Idan kuma kwat ɗin ce mai haske kamar ruwan zuma, wando ya yi duhu sosai. Akwai hanya mai sauƙi ta gwada wannan: ka shimfiɗa kayan a kan gado, ka ɗauke su hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. In ka ga kwat da wando sun narke sun zama abu guda a hoton, to haka za su narke a idon mutane, sai ka canja ɗaya daga cikinsu.

Ta biyu ita ce ta saƙa, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka lura, domin ita ce sirrin kwat ɗin da ka gani a hotuna. Yawancinsu da yadin tuwid aka ɗinka su, wani yadin ulu mai kauri da kaushi wanda asalinsa na mutanen karkarar Sikotland da Ayaland ne. Wanda ya fi suna shi ne Harris Tweed, wanda majalisar Birtaniya ta yi masa doka ta musamman a 1993, cewa ba za a kira yadi da wannan suna ba sai an rina ulunsa an kaɗa shi a tsibiran Outer Hebrides da ke yammacin Sikotland, kuma mutanen tsibiran sun saƙa shi da hannu a gidajensu. Abin da ya bambanta shi da yawancin yadudduka shi ne ulun ake rinawa tun kafin a kaɗa zare, sannan a cuɗanya launuka da yawa wuri guda. A da ma mutanen tsibiran kankaro wata irin gansakuka suke yi daga jikin duwatsu, su dafa ta tare da ulu, ta ba su wani ruwan ƙasa mai ja-ja. Ranar da na fara riƙe irin wannan yadi a hannuna, daga nesa na ɗauka ruwan ƙasa ne kawai, amma da na kai shi bakin taga na kusanto da shi idona, sai ga silin zare ruwan goro, ga kore irin na ganyen da ya fara bushewa, ga ɗigon rawaya, har da wani siririn shuɗi da ba a ganinsa sai an ƙura ido. Masaƙin ya riga ya yi maka rabin aiki. Duk launin da ka gani a ɓoye cikin saƙar, kana iya ɗaukarsa ka yi naktaye ko suwaita ko hankicin aljihun ƙirji da shi, kuma zai zauna daram, domin tun a masaƙa suka san juna.

Yadi mai kaushi irin wannan ba ya jituwa da wandon kwat mai santsi da sheƙi, don haka kada ka ɗauko wandon baƙar kwat ɗinka ka haɗa su. Abokan tafiyarsa su ne fulanel, wato ulu mai laushi da ɗan gashi-gashi, da kodiroi, yadin audugar nan mai layi-layi kamar kunyoyin gona, da kuma kaki mai kauri. Shi kakin ma tun asalinsa launin ƙasa ne. Kalmar daga harshen Urdu ta fito, ma'anarta mai launin ƙura, kuma ta shiga duniya ne ta hannun wata rundunar da wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Harry Lumsden ya kafa a Peshawar, cikin Pakistan ta yau, a 1846, wadda aka rina wa tufafi don su saje da ƙasar yankin. Idan ka je saye ka lura cewa kaki iri-iri ne, akwai mai karkata zuwa rawaya, akwai mai karkata zuwa kore kamar na 'yan hidimar ƙasa. Mai rawaya-rawayan ne ɗan gidan launuka masu ɗumi.

Abu na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi, alhali ya fi sauran muhimmanci a wurina: duk suturar da aka gina a kan launuka masu ɗumi tana bukatar wani abu mai sanyi ko mai haske a kusa da fuska. Shat ruwan ƙasa da ka sa ita ce ta ƙarasa nutsar da kai. Ka maye gurbinta da shat shuɗiya mai haske irin na sararin sama, ko mai ratsin fari da shuɗi, ko ruwan madara. Kamar miyar da ta ji manja da daddawa ce, sai an ɗan sa mata tsami ɗanɗanon kowane abu yake fitowa. Da zarar kwalar shat mai haske ta raba tsakanin fuskarka da kwat, za ka ga fuskar ta fito, ruwan ƙasan kuma ya ƙara armashi.

Ga haɗi guda da zan tsaya maka a kansa: kwat ta tuwid ruwan ƙasa mai duhu, shat shuɗiya mai haske, wandon fulanel ruwan toka, naktaye na ulu ruwan hanta, takalmi ruwan ƙasa wanda ya fi kwat ɗin duhu. Ranar da sanyi ya tsananta ka ƙara suwaita ruwan goro a ciki, ka ajiye naktaye. Idan hali ya samu daga baya, ka nemi doguwar rigar sanyi ta gashin raƙumi, wadda launinta na halitta yake tsakanin zuma da yashi. Gashin raƙumi mai tozo biyu ne na Mongoliya da arewacin Sin, wanda sanyin ƙasarsa ya sa yake da lallausan gashi a ƙarƙashin na waje, saɓanin raƙuman da muka sani a hanyar Agadas. Wannan riga tana hawa kan shuɗiyar kwat ɗin da kake da ita kamar don ita aka yi ta.

Kada ka sayi tuwid a nan ka kai wa tela kafin ka tashi. Yadin yakan kai giram 450 zuwa sama da 500 a kowace mita, kuma ɗinkinsa yana son hannun da ya saba da shi. Ka bari sai ka sauka, ka zagaya shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, waɗanda kusan kowane gari a Ingila yake da su, za ka iya dacewa da kwat mai kyau a farashi mai sauƙi. Kafaɗa ce abin dubawa, domin tela yana iya rage hannu ya tsuke ƙugu, amma kafaɗar da ta yi maka yawa ba ta gyaruwa da daɗi. Takalmi kuma ka nemi mai tafin roba saboda ruwan sama. Garin Northampton shi ne cibiyar wannan sana'a, kuma gidan Tricker's da ke can tun 1829 ya yi suna ne a kan irin takalman nan masu kauri ruwan ƙasa. Shuɗiyar kwat ɗinka ka adana ta domin ranar kare kundin bincikenka da ranar neman aiki.

Za ka kuma lura da kanka cewa hasken can ba irin namu ba ne. Daga Oktoba zuwa Maris sama takan wuni a lumshe, gine-gine da tituna duk su yi toka-toka, shi ya sa ruwan goro da ruwan hanta suke kwantar da ido a can. Launin da ya yi maka kyau a arewacin Ingila yana iya yin ƙara da yawa a tsakar ranar Zariya, don haka abin da za ka dawo da shi gida ka zaɓi wanda ya ɗan ciza.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin banki ne a Abuja. Na sa takalmi ruwan ƙasa da shuɗiyar kwat, sai shugabana ya ja ni gefe ya ce hakan bai dace da ofis ba. Shin da gaske laifi ne? Sannan ina sha'awar cikakkiyar kwat ruwan ƙasa, amma ina tsoron zafi.
Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Yallaɓai, shugabanka bai ƙirƙiri maganar ba, gadonta ya yi. Tsohuwar ƙa'ida ce ta Ingilishi cewa ba a shiga birni da ruwan ƙasa. A wancan zamani mai hali yakan sa baƙi ko shuɗi ko ruwan toka idan zai je aiki a London, ya bar tuwid da jan takalmi sai ƙarshen mako a gidansa na ƙauye, inda ake hawan doki da farauta. Ka ga ke nan asalin dokar rabe wurin aiki ne da wurin hutu, da kuma rabe wanda ya san dawan garin da baƙo. Ba ta mutu gaba ɗaya ba. A 2016 wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai bin diddigin yadda 'ya'yan talakawa suke samun damar ci gaba ta fitar da rahoto, inda ta nuna cewa a wasu manyan bankunan London sa takalmi ruwan ƙasa da kwat yana iya jawo wa mai neman aiki asarar gurbi, domin ana ɗaukarsa alamar bai tashi a cikin da'irar masu abin ba. A Amurka ma, lokacin da Shugaba Barack Obama ya fito gaban 'yan jarida da kwat ruwan yashi a watan Agustan 2014, kwanaki aka yi ana ce-ce-ku-ce a kai, alhali kafin shi Ronald Reagan ya sha sa kwat ruwan ƙasa.

Ta fuskar kyau kuwa babu laifi ko kaɗan. Tun a shekarun 1920 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na takwas, ya riƙa sa takalmi ruwan ƙasa na fata marar sheƙi da shuɗiyar kwat, mutane suka yi ta kwaikwayonsa. Mutanen Italiya kuma sun mayar da haɗin shuɗi da ruwan ƙasa ginshiƙin adonsu, kuma ni a ganina gaskiyarsu ce, domin baƙin takalmi yana rufe shuɗi ne kawai, ruwan ƙasa kuwa yana raya shi.

Duk da haka, shawarata ita ce ka bi tsarin wurin aikinka. Takalmi bai kai abin da za a ɓata tsakani da shugaba a kansa ba. Ka sa baƙi ranakun ganawa da manyan abokan hulɗa, sauran ranaku kuma, in ofis ɗin yana da sassauci, ka nemi ruwan ƙasa mai duhu sosai, irin wanda sai an matso ake gane ba baƙi ba ne, ko ruwan hanta mai duhu. Abin da ya fi jawo ido, kuma nake zaton shi ne ya jawo maka magana, shi ne takalmi mai haske irin ruwan zuma a ƙarƙashin wando mai duhu, domin idon mai kallo yakan bar fuskarka ya sauka kan ƙafarka. Takalmi ya fi wando duhu, ko aƙalla su yi kusa. Bel ya bi takalmi a dangi, ba lallai su zo sak ba, safa kuma ta bi wando.

Game da zafi, launin ba shi ne matsala ba, saƙar yadin da ɗinkinsa su ne abin dubawa. Ka nemi lilin ruwan ganyen taba, wanda yake shan iska sosai, sai dai ka sani yana yamutsewa kuma haka halinsa yake, ba aibi ba ne. In kana son wanda zai tsaya a miƙe daga safe zuwa yamma, ka nemi ulu mai murɗaɗɗen zare da sakakkiyar saƙa, irin wanda masaƙun garin Huddersfield na Ingila suka shahara da shi. Idan ka ɗaga shi sama za ka hango haske ta cikinsa. Nauyin giram 230 zuwa 280 a mita ya wadatar da Abuja. Ka ce wa tela ya rage shafi, ya bar shi a kafaɗa da hannu kawai, ya kuma sassauta cikon kafaɗa kamar yadda telolin Napoli ta Italiya suke yi, domin yawancin zafin kwat daga shafin roba yake zuwa. Wataƙila wani ya ambata maka Solaro, yadin nan ruwan yashi mai jan zare a bayansa, wanda yake walƙiyar ja da kore idan rana ta haska shi. Wani likita mai suna Louis Sambon ne ya fito da shi a 1907, bisa zaton cewa jan zaren zai kare Turawan mulkin mallaka daga illar hasken rana a ƙasashe masu zafi. Likitoci sun daɗe da barin wannan fahimta, yadin kuma bai kai lilin sanyi ba, amma yana da kyau ƙwarai, sai dai na ɗaurin aure da walima ne, ba na teburin banki ba.

Ban so in rufe wannan amsa ban tuna maka da abin da ke gidanmu ba. Fatar da Turawa suka yi ƙarnoni suna kira fatar Maroko, suna rufe littattafai masu daraja da ita, kaso mai yawa nata fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa suka rina da karan dafi, ayari ya tsallaka Sahara da ita. Idan kana neman jakar takardu ko bel mai launin ɗumi wanda yake ƙara kyau da tsufa, ka fara leƙa wurin dukawan Kano da Sakkwato kafin ka aika waje.

TAMBAYA: An ba ni kyautar naktaye ruwan lemo mai haske sosai. Da me zan sa shi?
Daga wani ɗalibi a Maiduguri.

AMSA: Ɗana, launi mai ƙara irin wannan kamar barkono yake, kaɗan ake sawa kuma shi kaɗai. Ka sa shi da shuɗiyar kwat mai duhu da farar shat ko shuɗiya mai haske, kada ka ƙara wani ruwan lemo a hankici ko safa. Kada kuma ka ɗora shi a kan baƙar kwat, domin baƙi yana ƙara masa tsawa. In wata rana kai ne za ka saya da kuɗinka, ka zaɓi ruwan goro ko ruwan tsatsa, sun fi daɗewa ba a gaji da su ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Za mu aurar da 'yarmu bayan Sallah, ina so in yi wa maigidana babbar riga ta shadda ruwan ƙasa. Shi baƙi ne sosai, kuma ƙanwarsa ta ce launin zai dusashe shi. Tela kuma ya ce a yi aikin da zare iri ɗaya da shaddar. Ina neman shawara a kan launi da aiki da hula.
Daga wata uwargida a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Maganar ƙanwar maigida tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Abin da yake dusashe mutum shi ne tufafin da duhunsa ya zo daidai da na fatarsa, har a rasa inda wuya ya ƙare riga ta fara. Baƙin mutum ya fi kowa cin moriyar launuka masu ɗumi muddin sun fi shi haske: ruwan zuma, ruwan madara, ruwan gwal, ruwan goro, duk suna haska shi fiye da yadda suke yi wa farin mutum. Wanda ya kamata ya yi hattara da ruwan ƙasa tsaka-tsaki shi ne wankan tarwaɗa, domin shi ne launin ya fi kusa da fatarsa, sai ya gudu zuwa makuba mai duhu ko madara mai haske. Saboda haka ga maigida ina ba ki shawarar ruwan zuma ko ruwan tsamiya.

Na ambaci tsamiya da gangan, domin kakanninmu sun riga kowa sanin darajar wannan launi. Alharinin daji ne da wata tsutsa take saƙawa a jikin itatuwa, a dafa shi da ruwan toka, a kaɗa shi da hannu, kuma galibi ba a rina shi, launinsa na halitta ne tsakanin yashi da ruwan ƙasa. Mahaifina yana da riga guda mai aikin tsamiya wadda ba ya fito da ita daga adaka sai Sallah. Ina yaro nakan tsaya kusa da shi idan ana naɗa masa ita a kafaɗa, in ga yadda askar da ke ƙirjin take kama haske a hankali, ba ta ƙyalli kamar zaren zamani, ga ƙamshin turaren da ya kama ta shekara da shekaru. Abin da na gane daga baya shi ne aikin bai taɓa zama launi ɗaya da jikin rigar ba, kullum akwai 'yar tazara, kuma tazarar ce take sa a ga wahalar da mai ɗinki ya sha.

Don haka ban goyi bayan tela gaba ɗaya ba. Aiki da zare iri ɗaya yana da natsuwa, kuma ya dace da kaftanin zuwa ofis, amma uban amarya a ranar ɗaurin aure yana bukatar rigar da za a gani daga bayan sahu. Ki ce ya sa zare wanda ya fi shaddar duhu da taki ɗaya ko biyu, misali ruwan makuba a kan ruwan zuma, ko wanda ya fi ta haske, wato ruwan madara. Ki guji zaren gwal mai ƙyalli a kan shadda mai sheƙi, domin shadda mai kyau irin ta Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na Austriya, ta riga ta zo da nata hasken, kuma haske biyu a wuri guda gajiyar da ido suke yi.

Hula ita ce za ta yi aikin da shat mai haske take yi a suturar Turawa, domin ita ce mafi kusa da fuska. Kada a nemi wadda ta yi launi ɗaya da rigar daga sama har ƙasa. A nemi zanna ko damanga wadda ƙasanta fari ne ko ruwan madara, zanenta kuma ya ɗauko launin aikin rigar, sannan akwai ɗan shuɗi ko kore mai duhu a ciki wanda zai sanyaya sauran. In maigida mai naɗi ne, farin rawani ya gama magana. Dara ja tana tafiya da ruwan madara da ruwan zuma mai haske, amma a kan ruwan goro ja biyu ne za su yi ta gardama. Takalmi ya zama ruwan ƙasa mai duhu, agogo kuma mai madaurin fata ko ruwan gwal ya fi na azurfa dacewa da wannan haɗi.

Abu na ƙarshe, Hajiya, kada ki yanke hukunci a kan launi a cikin shago. Na taɓa sayen yadi goma na shadda a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ina ganin ruwan zuma ne, da na fito rana sai ga shi ya koma ruwan lemo, kuma an riga an yanka. Ki roƙi mai shago ya bari a fito da bandir ɗin bakin ƙofa, ki ɗora gefensa a bayan hannun maigida in yana tare da ke, ki duba da hasken hantsi. Idan tela ya yanka, ki karɓi ƙyalle guda da silin zaren aikin, a tafi da su wurin mai hula, a ɗora su a kan kowace hula a waje kafin a biya kuɗi. Ki kuma kai ɗinkin da wuri, domin aikin hannu na babbar riga yakan ci makonni, telolin kuma kin san yadda suke cika da aiki gab da Sallah.